Wa Ya Share Mana Ƙofar Gida?

Zuwa ga Ustaz Adib,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai da masu karatunka, cikin alhini da nutsuwa, cewa an share ƙofar gidanmu. Shara mai kyau, har da yayyafin ruwa. Matsalar ɗaya ce, ba mu muka share ba. Ka taimake ni, abin ya fi ƙarfin karatuna.

Ni malamin tarihi ne a wani ƙauye kan dutse, na kusa ajiye alli. Tun da aka sa ranar ƙuri'ar raba gardama kan sauya tsarin zaɓe na zama ɗan kamfe ba albashi. Kullum ina gidan shan kofi na Abu Ramzi ina wa'azi cewa tsohon tsari, inda mai rinjaye ke kwashe kujerun yanki duka, zalunci ne da ya sa kwat, gara a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowa. Har da faranti na yi misali: ga zaitun goma, mutum shida a nan, huɗu a can, da wane dalili shida za su cinye goman? Abu Ramzi ya cinye zaitun ɗin yana kallona, ya ce, "Ka ga yadda ake mulki, Ustaz. Kai kana lissafi, ni na ƙoshi." A ganinsa, a tsohon tsari ka san ƙofar da za ka buga in an kama ɗanka, a sabon kuwa za a yanko maka gutsuren ɗan majalisa, ka rasa kunnen ka samu ko aljihun. Na yi dariya. Ya ce, "Yi dariyarka, sarkin alli. Ka dai tambayi kanka su wane ne huɗun nan."

Ban tambaya ba, sai da suka zo.

Ka san mu, ba inda mutum ke zaune yake zaɓe ba, sai inda aka rubuta kakansa. Mutanen unguwar gangare sun bar ƙauyen nan lokacin yaƙi, ina yaro, amma sunayensu ba su tafi ba. Sun kai sulusin masu zaɓe. A tsohon tsari sulusi da babu duk ɗaya ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa ɓata man motarsa ya hawo dutse. A sabon, sulusi kujera ce.

Shekara wajen hamsin gidajensu na rufe, ɓaure ya tsaga bango, kyanwoyi ne masu unguwa. Bana sai abubuwa suka fara motsi. Ka wuce da safe ka ga ƙofa ta yi tsatsa, ka dawo da azahar ka tarar an shafa mata shuɗin fenti, ɗanye sharaf. An sassabe kuringar inabi. Wani kango da ba shi da ko rufi, an ajiye kujeru biyu a gabansa suna fuskantar hanya. Ba wanda ya ga mota, ba wanda ya ga mutum. Da rana tsaka fa, Ustaz.

Abin da ba na kawowa a gidan kofi shi ne, mu ma a gangaren muke. Gidanmu na sama ya rushe a yaƙin, mahaifina ya shigo da mu gidan dangin Najjar da suka tafi, wai mu wuce sanyi. Sanyin bai wuce ba har yau. A nan na yi aure, a nan aka wanke gawar mahaifina. Amma mahaifiyata ba ta taɓa cewa gidanmu ba, sai gidan mutane. Ɗakin sama a kulle yake, takan shiga ta goge ƙura ta fito, ba ta taɓa zama bakin gadon ba. Har yau ƙasa-ƙasa take magana a tsakar gida, kamar mai gudun ta da wani.

Ranar sharar, na dawo daga makaranta na iske wata dattijuwa zaune ƙarƙashin bishiyar lemonmu, jaka a cinya. Ba ta miƙe ba. Ta ce, "Ƙofar ɗakin sama, har yanzu sai an ɗaga ta take buɗuwa?" Haka kuwa take. Ta ce ta zo ganin makarantar da za su yi zaɓe ne, ƙafa ta kawo ta. Mahaifiyata ta fito, ta tsaya cik, ta ce, "Wadad, kin daɗe." Ta kawo mata kofi a wani finjali mai bakin zinariya da ban taɓa ganin an sha da shi ba. Ustaz, Wadad Najjar ta rasu a birni tuntuni, mun ji labari. Wannan 'yarta ce Hiyam, wadda ta bar nan tana 'yar firamare, ta tsufa ta shige fuskar uwarta. Na sani, hankali ya gaya mini. Amma matar ba ta gyara sunan ba. Ta shanye, ta kife finjalin, ta tafi.

A ƙasar nan matattu sun daɗe suna zaɓe, amma cikin ladabi, ba su taɓa zuwa da ƙafarsu ba.

Tun ranar mahaifiyata ta ƙulle kayanta, tana wuni bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, mace mai shekara tamanin da ɗoriya. In na kawo abinci sai ta ce ba a cika ciki ranar tashi. Abu Ramzi ya ce, "Ka dangwala a'a, su koma inda suka fito, tsohuwa ta cire takalmi." Da kunya nake gaya maka, hujjojinsa sun fara yi mini kyau. In na ce e, da hannuna na buɗe ƙofar da za a fitar da uwata. In na ce a'a, me na daɗe ina koya wa 'ya'yan mutane? Yaya zan yi?

Baƙon Da Ya Daɗe

Ya kai Baƙo,

Da farko cire fatalwa daga lissafi. Fatalwa ba ta sayen fenti.

Abu Ramzi ba wawa ba ne. Tsohon tsari yana ba ka wakili mai fuska da ƙofa, yana kuma hana majalisa zama kasuwar ƙananan jam'iyyu masu shafe watanni suna ciniki kafin a kafa gwamnati. Sabon yana da wannan ciwon, kada ka ɓoye wa ɗalibanka. Amma ba ya gaya wa sulusin gari cewa su babu ne. Shirun da kuka zauna a cikinsa ba yafiya ba ce, hawan dutsen ne kawai ba shi da riba.

Inda ka ɓata hanya shi ne haɗa takardar zaɓe da takardar gida. Ko a'a ta ci, gida na Najjar ne. Ko e ta ci, akwatin zaɓe ba ya korar kowa. Kuma Hiyam ta zo tun ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba. In ka dangwala a'a saboda tsoro, ka sayar da ra'ayinka ne a kan abin da ba za a miƙo maka ba.

Kada ka jira ta sake zuwa. Nemi inda take, ka sauka birni da kwandon lemon tsakar gidansu. Ka faɗa da bakinka cewa gida nasu ne, ka roƙi a bar tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta a ciki, da haya ko da gyara, lauya ya rubuta. Ina kyautata zato, domin mai niyyar kora ba ta farawa da tsintsiya. Amma ban yi maka alkawari ba. Tana iya ƙi, kuma haƙƙinta ne. To gara ka ji daga bakinta ka fara ɗaga kangonku na sama, da ka zauna kana zargin kujeru.

In ta yarda, roƙe ta ta zo ta gaya wa mahaifiyarka da kanta, kai kuma kada ka gyara sunan. Ba izininka tsohuwa take jira ba, na Wadad ne, kuma ta daɗe tana jira. Ranar ƙuri'a kuwa, ka zaɓi abin da ka koyar.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka, ya sa ta ci abinci ta ƙoshi, ya haɗa ku da Hiyam a kan alheri.

Saura kalma ɗaya. Ni ne na rubuta a jaridar nan cewa wannan ƙuri'a wasan masu lissafi ce, ba za ta shiga gidan kowa ba. Na yi kuskure.

Adib