Zakaran Inna da Malamin Soro

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Dutse kalau muke.

Ka san malamin firamaren da Baba ya ba hayar soronka, Malam Sabo? To, wai marubuci ne. Littafi yake rubutawa a kan daɗin zaman ƙauye, mutumin da ko akuya ta yi atishawa sai ya rufe taga. Ya hana daka da hantsi, wai yana tunani. Ranar Juma'a kuma ya samu Baba ya ce a yanka jan zakaran nan da ka saya wa Inna, wai cararsa tana kore masa basira. Basirar da zakara ke korewa, Yaya, ai gara ta tafi. Baba don kunyar baƙo ya amsa, Inna ko tuwo ba ta ci ba.

Ni kuwa na saka zakaran a kwando na kai wa Goggo a Aujara. Yanzu kullum da asuba ni nake tsugunawa ƙarƙashin tagar Malam Sabo ina cara. Jiya ya fito idanu jajur, ya ce mini, "Sani, wannan sabon ya fi na da rashin tarbiyya." Na ce, "Wallahi Malam, na maƙwabta ne."

Don Allah ka kira Baba ya sallami malamin nan, zakaran Inna ya dawo, don maƙogwarona ya fara ciwo. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Sani