Yau Bakin Balkisu Aka So Ji

Daren Laraba, unguwar Sabo

Yau na haƙura da ɗaukar fasinja, na sa ƙanwata Balkisu a kekena, na kai ta jami'arsu wajen matar da ke sauraron ɗalibai masu damuwa. Tun rasuwar Baba ta daina zuwa lacca, wai ita karatu ya fita ranta.

Da muka shiga, na gyara zama na hau bayani, tunda a gidanmu babba ke magana. Matar ta tambayi Balkisu ko tana samun barci, ni na amsa. Sai ta yi murmushi, ta ce, "Broda, ɗan sha iska a waje. Yau bakinta nake son ji."

Kunya ta rufe ni. Na zauna gindin wata bishiya ina kallon ɗalibai suna wucewa a hankali kamar a mafarki, har na hango kaina cikinsu da jaka, ni da ko firamare ban ƙarasa ba.

Balkisu ta fito idonta ya yi ja. Na ce, "Ina maganin? Yaushe za mu dawo?"

"Yaya, zama ɗaya ne. Sai in ni na nema."

"Ɗaya? Ko mai ɗori ba ya sallamar mutum haka!"

Ta yi dariya. Rabona da jin dariyar nan har na manta.

Ban tambayi abin da suka tattauna ba. A hanyar komawa gida, muna cikin cunkoson titin Mokola ta dafa kafaɗata, ta ce, "Gobe in za ka fita ka tashe ni, ina da lacca."

Har yanzu ina jin ɗumin hannunta a wurin.