Takardar da Aka Yanke wa Gefe

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu tura fina-finai a waya, Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan ƙungiya.

Ranar Litinin ɗin nan ƙungiyarku ta hana tura duk wani fim na zane a shagunan gari, kuma an faɗa wa membobi cewa jerin fina-finan da na rubuta ne ya jawo hanin. Ranar Laraba kuma sakatarenku ya zo har gida yana roƙon in rubuta muku sabon jeri na Sallah. Na ba shi ruwa, muka gaisa, ya tafi. Har yanzu ban gane ba ko mai laifi ne ni a wurinku ko mashawarci. Na rubuto a fili ne domin a fili sunana yake manne a bangon shagunanku.

Na farko, asalin jerin. Na yi shekaru ina gyaran rubutu a gidan jarida kafin in dawo gida, kallon fim kuwa tun zamanin bencin silima nake yi. Wani membanku, Dauda, mai shago kusa da tasha, ya ga ina yawan yi wa masu saye bayani, sai ya ce in rubuta masa. Na kwantar da doguwar takarda, na raba ta gida uku: sunan fim, ra'ayina a kansa, da shekarun wanda ya dace ya kalla. Ban yabi kome a makance ba. Wani na Indiya na ce waƙoƙinsa sun fi labarinsa. Wani na barkwancin Hausa na ce rabin farko ya isa, sauran maimaici ne. Na kuma sa fina-finan zane na Japan, waɗanda matasa ke kira anime. Ɗaya labarin yarinya ne da ke koyon noman shinkafa wurin kakarta. Duk wanda ya taɓa dashe a fadama zai ji ciwon bayan yarinyar a jikinsa. Wani kuma labarin likita ne a fagen yaƙi, maganinsa bai kai yawan masu rauni ba. Shi ya fi kowanne kyau a jerin, kuma a gabansa na rubuta sha takwas zuwa sama, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na biyu, abin da ya sami takardar. Ta fi injin fotokwafi faɗi, don haka gida na uku bai fito ba. Kwafin ya bi hannu daga shago zuwa shago, an ce har Bangi. A shagunanku kuwa duk abin da aka zana wuri ɗaya ake zuba shi a kwamfuta, a kira shi katun. Sai wani ya ɗauki biro ya rubuta a saman fina-finan zanen cewa zaɓin Malam Habu ne na yara. Ban san wanda ya rubuta ba. Na san dai ba hannuna ba ne.

Na uku, wanda abin ya faɗa wa. Yakubu manomi ne a Beri, abokina tun kafin ya yi aure. Shinkafar Kirsimeti daga gidansa take zuwa gidana, naman layya daga gidana yake zuwa gidansa. Ya ga sunana a bango, ya sa aka tura wa 'ya'yansa mata biyu fim ɗin likitan, ya tafi gona. Suka kalli yadda ake yanke wa soja ƙafa. Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya kama ƙaramar, ta ƙi shiga asibiti, sai da aka ɗauke ta tana kururuwa. Ta warke, alhamdu lillahi. Yakubu bai zage ni ba. Ranar kasuwa ya gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, ya wuce.

Na huɗu, inda kaina ya ɗaure. Kun hana fim ɗin yarinya mai shinkafa saboda zane ne, amma fina-finan faɗa da ake sare kawuna suna nan ana turawa saboda mutane ne a ciki. Zane hanyar ba da labari ce kawai, ba ya faɗin shekarun mai kallo. Sannan takardar da kuka ce ita ta jawo matsala tana nan a bango. Jiya na gan ta a shaguna biyu.

Ni ma da nawa laifin. Ƙa'idar aikinmu na jarida ita ce ba a barin shafi ya tafi bugu sai an duba gwajinsa. Ban nemi ganin kwafin ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a cire takardar daga kowane shago, na gari da na ƙauye. A sake duba hanin, a raba fina-finai bisa abin da ke cikinsu. A kuma ba ni takarda mai hatimin ƙungiya da ke bayyana cewa an yanke wa rubutuna gefe, in kai Beri da kaina. Jerin Sallah zan rubuta, amma a tsaye, kuma shekaru ne za su zo a gidan farko.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a sana'ar membobinka, Ya tsare mana 'ya'yanmu.

Dauda ya ce ainihin takardar, mai gida uku, tana cikin wani kwali a shagonsa. Ita kaɗai ce shaidar da zan iya nuna wa Yakubu. Sau biyu na je, bai samo kwalin ba tukuna.

Wassalam.

Naka,
Malam Habu, Kontagora.