Kanta a Kafaɗar Madu

Moduganari, Maiduguri

Zuwa ga Yaya Rahmat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Tun da aka yanke layin waya mun koma takarda, direban motar shanu zan ba wannan ya kawo miki Kano.

Makarantar da nake koyarwa muna lallaɓawa. Wannan makon littafin Turanci ya kawo ni kan kalmar fas. Turawa akwai rowa, Yaya, kalma ɗaya sun ɗora mata aikin gayya. Wanda ya ci jarrabawa ya yi fas, ɗan ƙwallo ya ba ɗan'uwansa fas, takardar fita lokacin dokar hana yawo ma fas ce. Da na tambayi 'yan aji, ba wanda ya kawo ko ɗaya cikin waɗannan. Wadda suka sani ita ce ta mai bindiga a shinge, in ya gama duba mutum ya kaɗa masa kai ya wuce. Malama Agnes ta ƙara mini da cewa a cocinsu da ita ake sanar da mutuwa. Da ma ta bar wa cikinta.

Abin da ya hana ni sukuni ɗan'uwanmu Madu ne. Yanzu tantancewa ake unguwa-unguwa: a fito da maza, a tuɓe musu riga, a duba kafaɗa ko akwai shaidar igiyar bindiga. Kin san ƙanenki, tun tasowarsa yake saɓar naman shanu a Kasuwar Shanu, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta baƙa ƙirin. Shi dariya yake, wai kowa ya san shi. Ni kam tsoro nake ji. Na sayi dutsen goge kaushi da man kaɗanya, kullum ya dawo sai na zaunar da shi na goge wurin, yana mita kamar tsohuwa. Kada ki faɗa wa Inna.

Ƙanwarki,
Mu'mina

Yaya Rahmat,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya. Mu dai sai addu'a.

Masu tantancewar sun zo unguwarmu da safe, kafin Madu ya fita kasuwa. Aka zaunar da maza a filin masallaci, mu mata muna leƙe ta katanga. Habib da Taufiq, abokan aikinsa, suna gabansa a layi, kowa da kantarsa. Wani cikin 'yan gora, matasan sa-kai masu taya sojoji, ya latsa kafaɗarsu, ya ce wannan ta masu dakon nama ce, aka ce musu fas.

Madu kuwa kantarsa ta fita, Yaya. Na goge ta tas, wurin ya zama ɗanyen ciwo jajawur. Suka tambaye shi me ya kankare, don wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya kankare jikinsa. Bai ambaci sunana ba. Na yi ta kira ta katanga cewa ni ce, ba wanda ya waiwayo. Na kafa wa bakin ɗan gorar ido ina jiran kalmar nan da na sha rubutawa a allo, bai faɗe ta ba. Suka sa shi a mota.

Ban san inda yake ba. Aji dai ina shiga. Duk wanda ya buɗe baki da Turanci sai gabana ya faɗi, don ban san wace fas ɗin za a kawo mini ba.

Taki,
Mu'mina

Yaya Rahmat,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Inna da kyau. Yanzu kina iya faɗa mata, Madu ya dawo.

Sarkin Fawa ne ya tsaya masa. Ya ɗauki Habib da Taufiq, ni kuma na bi su da dutsen a jaka, na rantse a gaban masu tsaron. Sun juya dutsen a hannu, ɗayansu har da dariya. Bayan an sha zirga-zirga suka sake shi. Ya rame, ba ya son a rufe ƙofa, kuma bai ce da ni komai ba a kan abin da na jawo masa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ciwon bai gama warkewa ba ya koma kasuwa. Na roƙe shi ya koma saɓawa a hagu, ya ƙi. A dama yake ɗauka, ba ko tsumma, yana dawowa rigarsa manne da wurin. So yake kantar ta dawo kafin a sake zagayowa, ga shi ana raɗe-raɗin sun kusa.

Dutsen na jefa shi a masai. Kowace safiya kafin ya fita nakan ɗora yatsa a kafaɗarsa in ji ko ta fara tauri. Har yau da laushi, Yaya. Ku taya mu addu'a ta riga su.

Ƙanwarki mai kewarku,
Mu'mina