Kuɗin Zaman Jira

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na sake zuwa wurin Ergash kan kuɗina. Hunturu biyu ina ɗaure a garin nan saboda injin ɗumama rumfunan lemonsa: ba biki, ba zuwa Rasha neman kuɗi irin na kowa, waya a aljihu ko banɗaki zan shiga. Ya yi alkawarin kuɗin zaman jira ban da albashi. Yau ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Tolib, ƙanena, sau nawa injin ya lalace? Zama kuma aiki ne?" Na sha shayin. Haushin kaina na fi ji.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Likitan birnin Fargana ya ce yanar idon Inna ta kai a cire, in aka daɗe ba ruwansa. Kuɗin da Ergash ya riƙe ya isa aikin har da na mota.

Asabar, 2 ga Disamba
Ergash ya rasu. Zuciya. Allah Ya gafarta mini, ba shi na fara tunawa ba.

Lahadi, 3 ga Disamba
Kafin a sallaci gawa liman ya tsai da Shuhrat, babban ɗan Ergash, ya tambaye shi ko ya ɗauki bashin mahaifinsa. Ya ce ya ɗauka, mai bin bashi ya zo gare shi. Kowa ya san ba a amsawa a nan, sai an kwana biyu mutum ya je a ɓoye. Ni ma na sani. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ina bi." A gaban makara, a gaban unguwa duka. Wani dattijo a bayana ya ce, "Ɗan wa ne wannan marar ta ido?"

Laraba, 13 ga Disamba
Shuhrat bai ba ni wurin zama ba. "Yaya Tolib, tunda a bainar jama'a ka so, kawo shaidu biyu a bainar jama'a." Babu takarda, da fatar baki muka yi. Waɗanda suka ji kuwa a rumfarsa suke ci.

Juma'a, 22 ga Disamba
Na tare Bahrom mai gadi bayan masallaci. A gabansa Ergash ya yi mini alkawarin. Ya ce, "Ina da 'ya'ya, abokina. Kuma kai ma ka ɓata rawarka da tsalle." Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi.
Matata Dilbar ta ce matan unguwa ba su kira ta girkin sadakar Ergash ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.
Inna ta zuba shayi a gefen kofi, ta ƙone hannu. Ta ce, "Bar su, ɗana. Me ya rage ban gani ba?"

Talata, 9 ga Janairu
Injin ya tsaya, Shuhrat ya kira, na je na gyara. Ban ta da maganar ba, shi ma haka. A hanyar dawowa na sayi igiya, na ɗaura daga ƙofar Inna zuwa banɗaki, daidai tsayin hannunta. Na ce mata kafin a yi aikin ne.
Mai kaurin na saya, wadda rana ba ta ci.