Jikar da Na Hana Ki Ɗauka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Ko kina raye ma, sai an karanta miki. Amma maganar ta ƙi zama a cikina, shi ya sa na rubuta ta a inda mutane za su gani.

Inna, ciwonki ba a ɗaukarsa. Watan jiya na sani, a wani asibiti a Jimeta, wajen masu duba fata.

'Yata Ummi na kai, takwararki. Ta girma, tana aji biyar a firamare. Tun tana ƙarama abin yake fito mata kaɗan-kaɗan a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ni kuma ina rufewa da riga mai dogon hannu. Bana da zafin Yola ya tsananta, ya hau mata wuya, tana sosa har jini. Malaminsu ya ce ta zauna a gida tukuna.

Wata nas, 'yar wajen Numan, ita ta fara duba ta. Ta kama hannun Ummi da hannunta tsirara, ta juya shi, ta bi wurin da babban yatsa. Na ce mata ta sa safar hannu kada ta kwasa. Ta yi dariya ta ce, “Maman Ummi, ko kwano ɗaya muke ci shekara goma, ba zai tsallako kaina ba. A jini yake. Wa yake da shi a gidanku?”

Ke kika faɗo mini a rai.

Likita ya ce su suna kiransa ekzima. Ba ƙazuwa ba ne, ba kuturta ba ne, ba ƙazanta ke kawo shi ba. Fata ce da ba ta iya riƙe laima, sai ta bushe ta tsattsage. Zufa na tayar da shi, hayaƙi na tayar da shi, tashin hankali ma haka.

Tashin hankali kuwa kin gan shi. A garinmu can kudancin Borno, ɗan ƙaiƙayi kawai kike yi a hannu, ki shafa man kaɗanya ya lafa. Sai da muka gudo, muka yi kwanaki muna tafiya a ƙasa cikin zani ɗaya, ni da cikin wata bakwai, sannan ya bi miki jiki. Ba ki ɗauko komai daga gida ba sai majanyin da kika tanada don goyon jikarki. A ƙugu kika ɗaure shi har Yola.

Goggo Dudu, ƙanwar baban mijina, ita ta ba mu masauki a gidanta a Makama. Ba zan ci amanar abincinta ba, ta ciyar da mu. Amma ranar da ta ga wuyanki kina alwala, ta ja jikokinta ciki. Da yamma ta ce wa mijina mun zo mata da ciwon sansanin 'yan gudun hijira. Ta ce ko a ware ki, ko mu nemi wani gida. Ba mu da wani gida.

Aka share miki ɗakin baya, inda ake ajiye gawayi. Rufin kwano ne, babu silin, taga ɗaya. Aka ɗaura jan zare a butarki da kofinki don kada a yi kuskure. Ni na ɗaura zaren, Inna. Kina kallona kika ce ai ja ya yi kyau, ba zai ɓata miki ba.

Kullum da safe sai na tafasa ruwa, na sa leda a hannuwana biyu, na dirje ki da soson buhu da sabulun magani mai ƙarfi. Ina so Goggo ta ga muna da tsafta. Kina cije leɓe, ruwan yana sauka ja-ja, ni kuma ina cewa dattin ne yake fita. In na gama, sai na cika kasko da turaren wuta na rufe miki ƙofa, don kada a ce ɗakin 'yan Borno yana wari. Kina tari a ciki, ina jin ki daga tsakar gida. Da kika roƙi man kaɗanya na hana, na ce mai zai ƙara masa ƙarfi, gara ya bushe.

Yanzu ki ji abin da suka koya mini a kan Ummi. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Babu soso ko kaɗan. Babu sabulu mai ƙamshi ko na magani. Ba a goge jiki da tawul, dannawa ake a hankali, kuma tun fatar tana da laima a shafe ta da mai mai kauri mara turare, safe da yamma. Akwai wani man magani da likita ya rubuta, shi a kan wurin da ya tashi kawai ake sawa, na 'yan kwanaki, sannan a koma ya duba. Inda ya fi tsanani, nas ta naɗe mata da bandeji mai laima, ta ɗora busasshe a kai. A yanke farce, a sa kayan auduga, a raba ta da hayaƙin turare.

Nas tana lissafa abubuwan da ba a yi, ni ina ganin hannuna cikin leda. Ba ta faɗi ko ɗaya da ban yi miki ba.

Da na haihu, ke ya kamata ki yi wa jaririya wankan farko, ki yi mini na jego, kamar yadda uwarki ta yi miki. Kin tashi tun da asuba kin hura wuta. Na aika aka ce miki ki bari, Goggo za ta yi. Kika aiko da majanyin. Na ɗauke shi da tsinken itace na jefa a bayan ɗaki, daga baya aka mai da shi tsumman goge ƙasa. Kin gan shi a hannun masu shara.

Ranar suna kika zauna a bakin ƙofarki cikin mayafi, duk zafin nan, don kada baƙi su ga jikinki. Da aka faɗi sunan kika yi murmushi. Da mutane suka watse kika miƙo hannu biyu kika ce, “Yagana, ko a kan zani ne, ki ɗora mini ita kaɗan. Ba zan taɓa fuskarta ba.” Na ce miki in kin warke. Na ɗaga ta daga nesa kika leƙa.

Wata huɗu kina leƙenta daga nesa. Kina yi mata waƙa daga ƙofar ɗakin gawayi. Sannan wuraren da na dirje suka yi ruwa, zazzaɓi ya shiga, kwana shida kika tafi. Na san kwana ne ya ƙare. Amma na tambayi nas ko miki irin wannan yana iya kawo zazzaɓi in ƙwayar cuta ta shiga, ta ce ƙwarai, shi ya sa ba a wasa da shi. Ba ta san dalilin tambayar ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Duk shekarun nan, in na ga abin a jikin Ummi, ke nake zargi. Ina cewa a raina lallai kin faki idona kin taɓa ta. Na yi fushi da ke kina kabari. Ashe ba ki taɓa ta ba, ko sau ɗaya.

Na je Makama na gaya wa Goggo abin da likita ya ce. Ta tsufa, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ce to, ai mu ba likitoci ba ne, kuma ita ba ta riƙe mini soso ba. Ta ci gaba da ɓararta. Na yi mata sallama na koma gida.

Sati uku ke nan, wuyan Ummi ya yi laushi, ta koma makaranta. Sun ce ba ya rabuwa da mutum gaba ɗaya, zai riƙa tashi yana kwanciya, amma ana iya zama da shi lafiya. Da kin samu ko rabin wannan, Innata, da kin yi barci.

Shekaranjiya ina shafa mata mai, na gaya mata fatarki ta gado. Ta ji daɗi sosai. Ta tambaye ni ko kin goya ta da tana jaririya. Na ce mata kullum tana bayanki. Ta tafi tana gaya wa ƙawayenta a Rumde, inda muke haya yanzu.

Allah ya gafarta miki, Inna. Ya sanyaya makwancinki, ya sa abin da kika sha a ɗakin nan ya zama kankarar zunubi. Ya ba ki ikon yafe mini ranar da za mu haɗu, don a duniya ban roƙe ki ba.

Har yanzu ban gaya wa Ummi gaskiya ba.

Taki,
Yagana