Laifin Ba Na Gilashin Ba Ne

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da amaryata 'yar wata biyar. Allah ya raya mana ita, ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Mu nan kowa ƙalau, sai gwiwar innarki da ke yi mata gardama duk ranar da aka yi ruwa. Yayanki ya koma sabon wajen aikinsa, har ya fara ajiye tumbi. Gwaggonki ta zo ta yi mana kwana uku, ta tafi da muryarta, yanzu kunnuwanmu na hutawa.

Wannan wasiƙa da kaina nake buga ta a kwamfutar da kika aiko mini, da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Yau kwana uku ke nan ina fama. In kin ga kuskure ki tuna a aji huɗu ubanki ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji, ba ni ba.

Ranar da yayanki ya kawo jakar, ina ɗagawa na ce masa an sace abin a hanya. Ya zuge ya zaro ta, siririya kamar faranti. Kin san ni tela ne, shekara arba'in da nauyi nake gane abin kirki. Kan kekena sai mutum biyu ke ɗaga shi, dutsen gugana kuwa ko ɓarawo ya ɗauka sai ya dawo da shi. Sai na ce a raina an cuci yarinyar nan, an sayar mata da murfi an riƙe tukunyar. Satin farko in na kunna fanka sai na ɗora mata babban almakashi, kada iska ta ɗauke ta. Akwai ranar da na neme ta tun safe har azahar, ashe na ninke ta cikin yadin wani mai shago. Saura ƙiris in goge ta. Amma yanzu mun saba. Ina saƙale ta a hammata daga ɗaki zuwa shago, in ɗora ta kan teburin yanka tana yi mini karatu da labarai ina taka keke, kuma caji ɗaya ya kai ta yamma. Ba ta ci, ba ta tsegumi, ta fi yawancin abokan hirata.

To, ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Duk wanda ya leƙa fuskar na'urar nan sai ya yi salati. Maƙwabcina mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya, da ya ga hoton amaryata cewa ya yi har gashin idonta ana iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Innarki ta ce kamar ta miƙa hannu ta ɗauke ta. Ni ma na gyaɗa kai na ce ai kuwa, tubarkalla. Uwata, ƙarya nake yi. Ni abin da nake gani kamar an hura hayaƙi a ɗaki ne, ga alamar mutum amma babu mutum. Da na ce miki yarinyar da ni take kama, cin zaɓe kawai na yi ba a kaɗa ƙuri'a ba. Kullum sai in sami ƙyalle mai laushi in yi ta goge gilashin, ina mita wai masu yin sa sun yi ha'inci. Innarki ta dube ni, ta dubi ƙyallen, ta wuce abinta. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Turawan da suka ƙera ta.

Shekara biyu kina bina da maganar likitan ido, ina ce miki tabarau ɗin da na saya a kasuwa ya ishe ni. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. An ce mini mutum na kwance ido biyu za a kankare masa yanar. Ni da na yanka yadin mutane ba adadi, ashe wanzami ba ya son jarfa.

Ran Talata na gama wuyan rigar da nake ɗinka wa maigidanki. Na kai wa Injiniya ya ɗauki hotonta da wayarsa ya zuba mini a kwamfutar, don in aiko miki ki ga ubanki bai tsufa ba. Shi ne ya koya mini yadda ake buɗa yatsu biyu hoto ya girma. Na dawo shago na buɗa, na ƙara buɗawa, har zare ya koma kamar igiyar guga. A nan hayaƙin ya kasa ɓoye mini komai. Uwata, wannan ba ɗinki ba ne, sawun akuya ne da ta tsinke igiya. Layin ya tashi daga gabas, ya leƙa kudu ya gaisa da mutane, sannan ya dawo. Na zauna ina tunanin riguna nawa na miƙa wa mutane a haka, da kuma dalilin da ya sa ko mutum ɗaya bai taɓa dawo mini da kaya ba. Na rataye rigar ban ce wa kowa komai ba, da niyyar in farke ta da safe.

Washegari na dawo daga wajen mai shayi na shafa wuyan, sai yatsana ya ji shi sumul. Na koma wa Injiniya na ce hoton jiya ya ɓace, ya sake ɗauka. Na buɗa yatsu. Layi ya miƙe sambal kamar an ja da tef, a gefensa kuma ga ƙananan hujojin allura inda aka warware nawa. Sai na gangara ƙarshen ɗinkin, na ga an koma baya sau uku kafin a yanke zare. Ni sau biyu nake komawa. Mutum ɗaya na sani a duniya mai komawa sau uku, don ni na koya mata keke tana amarya, kuma shekara da shekaru ina yi mata faɗan ɓarnar zare, tana cewa abin da aka ƙulle da kyau ba ya kunyata mai shi.

Sai a lokacin na gane sharar. Kusan shekara guda ke nan innarki ta ƙirƙiro share mini shago kowace safiya, ta kore ni wajen mai shayi wai ƙura na sa ni tari, kada in dawo sai ta aiko. Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga tsintsiya a shagon nan ba, tana cewa tarkacen tela sai tela. Ni kuwa ina can ina baza baki, ina gaya wa mutane ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, alhali tana nan da ciwon gwiwarta tana taka keke tana rufa mini asiri.

Ban nuna mata na gane ba, ke ma kada ki nuna. Ta ɓoye don kada in ji kunya, bari ni ma in ɓoye don kada wahalarta ta tashi a banza. Abin da na yi kawai, na ce wa yayanki ya kai ni asibitin ido. Likitar, wata yarinya da ba ta fi ki ba, ta haska ta ce yanar ido ce a duka biyun, yanar ta nuna har ta gaji da jira, amma aikin ba ya kai rabin awa. An sa mini ranar Litinin ta sama, idon dama tukuna. Da na gaya wa innarki, sai ta ce to madalla, ita ma dama sharar nan ta fara isar ta. Ba ta dube ni ba, ni ma na yi kamar ina neman allura a ƙasa.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida maigidanki, ki ce rigarsa za ta yi latti, hannuwan da aljihun sai na ga hanya zan ɗinka. Wuyan dai ba zan taɓa shi ba, ya fi ƙarfina. Ki gaida surukarki da kyau, da maƙwabciyar nan da ta tsaya miki lokacin haihuwa. Innarki da yayanki da gwaggonki suna gaishe ku, Injiniya ma ya ce a sa sunansa.

Roƙona ɗaya. Ran Talata da hantsi za a cire mini bandeji. Zan sa yayanki ya riƙo kwamfutar, tunda ba ta da nauyi. Ki kira mu a lokacin, ki ɗaga mini amaryata kusa da gilashin. Ina so in ƙirga gashin idon nan da kaina. In kuma ta tabbata ba ta kama da ni, ki bar ni da ƙaryata, na riga na gaya wa duk unguwa.

Naki har kullum,
Babanki, tsohon tela mai yatsa ɗaya.